AIKIN GIDA NA 'YA'YANMU: Darasi a kan Tambayoyi Shida na Fiziks da Kemistiri

 Darasinmu na wannan wata daga jakar makarantar ɗiyata ya fito, wadda ta ke aji biyar a sakandare. Wata ranar Laraba da dare, da muka komo daga sujada, na same ta a tsakar gida ta buɗe littafinta gaban fitila tana rubutu da sauri. Na yi murna, na matso domin in yaba mata. Da na duba sai ga amsoshi shida a jere, kowace da lambarta tsaf, amma babu lissafi ko layi ɗaya a bisansu. Na ce, "Wannan 45 ɗin daga ina ta fito?" Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, ƙawata ce ta turo mini ta waya." Na ce, "To, ran jarrabawa fa, wa zai turo miki?" Ta yi shiru.

Ban tsananta mata faɗa ba, gama laifin ba nata ne ita kaɗai ba. Shekara biyar ke nan ina biyan kuɗin makaranta, ban taɓa zama na tambaye ta abin da a ke koya mata ba. Da yawa cikinmu iyaye mu kan ce, "Ni ban san kimiyya ba," mu zame jiki, mu bar yaro da wayarsa. Ni ma makarantar Littafi na yi, ɗan abin da na koya na kimiyya a sakandare kuwa ya daɗe da yin tsatsa. Duk da haka muka ɗauki mako guda, kowane dare tambaya ɗaya. Ran Lahadi wani ɗan'uwa malamin kimiyya cikin ekklesiyarmu ya duba aikinmu, ya gyara inda muka kauce. Ashe tambayoyin nan duka a kan abin da ke gidanmu su ke, watau rijiya, da mota, da buta, da gawayi, da taki, da kanwa.

Kafin mu shiga, ga ka'idodi huɗu da malamin ya ba mu. Na ɗaya, a karanta tambaya sau biyu, sa'an nan a faɗe ta da Hausa. Na biyu, a rubuta abin da aka bayar, kowace lamba da ma'auninta, ko mita, ko sakan, ko giram. Na uku, a rubuta abin da a ke nema. Na huɗu, in an gama lissafi a tambayi kai ko amsar ta shiga hankali. Wanda ya sami zurfin rijiya mita dubu tara ya san akwai kuskure ko ba a faɗa masa ba.

TAMBAYA TA ƊAYA: ZURFIN RIJIYA

Yaro ya saki dutse a bakin rijiya, dutsen ya taɓa ruwa bayan sakan 3. Mene ne zurfin rijiyar?

Abin da ya kamata mu sani da fari shi ne, abin da ke faɗuwa ba da sauri ɗaya ya ke tafiya ba. Ƙasa tana jansa, saurinsa kuwa yana ƙaruwa da misalin mita 10 a sakan cikin kowane sakan. Ainihin lambar 9.8 ce, amma a makaranta a kan yarda a yi aiki da 10 domin sauƙi. Sa'ad da yaron ya saki dutsen saurinsa sifiri ne. Bayan sakan ɗaya ya kai mita 10 a sakan, bayan biyu ya kai 20, bayan uku ya kai 30.

A nan ne yara da yawa su kan faɗi. Su kan ce 10 sau 3, talatin, su rubuta mita 30. Amma 30 ɗin nan saurin dutsen ne a daidai lokacin da ya taɓa ruwa, tambaya kuwa nisa ta ke nema. Tun da ya ke dutsen ya fara da sifiri ya ƙare da 30, yana kuma ƙara sauri daidai wa daida, tsaka-tsakin saurinsa 15 ne. Wanda ya yi tafiyar mita 15 a sakan har sakan 3 ya ci mita 45. Zurfin rijiya mita 45 ke nan. A littafin makaranta a kan rubuta hanyar a taƙaice, rabin 10 sau 3 sau 3, amsar kuwa ɗaya ce.

Mu gwada ta wata hanya domin mu tabbata. Cikin sakan na fari dutsen ya faɗi mita 5, cikin na biyu mita 15, cikin na uku mita 25. In aka tara, 45. Ku lura, 5 da 15 da 25 suna bin 1 da 3 da 5. Galileo, mutumin Italiya, shi ya bayyana wannan tsari cikin littafinsa na 1638, bayan ya yi ta gangarar da ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci.

Ɗiyata ta ce, "Baba, in dutsen babba ne fa?" Amsa ita ce, babba da ƙarami tare su ke isa, sai dai in iska ta tare abin, kamar yadda ta ke tare ganye ko gashin kaza. A shekara ta 1971 wani ɗan sama jannati na Amurka, David Scott, ya saki guduma da gashin tsuntsu tare a kan wata, inda babu iska, suka kuwa taɓa ƙasa lokaci ɗaya.

TAMBAYA TA BIYU: BIRKIN MOTA

Mota tana gudun kilomita 72 a awa. Direba ya taka birki, saurinta yana raguwa da mita 5 a sakan cikin kowane sakan. Mita nawa za ta ci kafin ta tsaya?

Tarkon wannan tambaya ma'auni ne. An ba da gudu da kilomita da awa, an ba da birki da mita da sakan, ba shi kuwa yiwuwa a gama su sai an mai da su iri ɗaya, kamar yadda ba a tara mudu da tiya sai an san mudu nawa ne cikin tiya. Kilomita 72 mita 72,000 ne. Awa ɗaya sakan 3,600 ce. In aka raba 72,000 da 3,600 a sami 20. Motar tana cin mita 20 kowane sakan.

Yanzu aikin ya zama irin na rijiya, sai dai a juye. Sauri ya fara da 20, yana raguwa da biyar biyar: 15, 10, 5, sifiri. Sakan 4 ke nan. Tsaka-tsakin 20 da sifiri 10 ne. Mita 10 sau 4, mita 40. Amsa ke nan.

Amma kada mu rufe littafi tukuna. A ce motar rabin wannan gudu ta ke yi, watau kilomita 36 a awa, mita 10 a sakan. Za ta tsaya cikin sakan 2, tsaka-tsakin saurinta 5, nisa mita 10 kaɗai. Ku duba da kyau. An ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa ya ninku sau huɗu. In an ninka gudu sau uku, nisan zai ninku sau tara. Har wa yau, direba ba ya taka birki a daidai lokacin da yaro ya faɗo hanya. In ya ɗauki sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai ga birki, motar ta riga ta ci mita 20, duka ya zama mita 60, fiye da rabin filin ƙwallo.

Ina roƙon 'yan'uwanmu direbobi da masu babur su riƙe wannan lissafi. Mun binne mutane da yawa waɗanda direbansu ya ce, "Ai kaɗan na ƙara." Kaɗan ɗin nan a ma'aunin gudu, a kan kwalta ba kaɗan ba ne.

TAMBAYA TA UKU: BUTAR LANTARKI

Butar lantarki mai ƙarfin wat 2,000 tana ɗauke da ruwa kilogiram 2 mai zafin digiri 30. Zafi nawa a ke bukata domin ruwan ya kai digiri 100, minti nawa kuma zai ɗauka? In wutar gidan bolt 240 ce, wane fiyus ya dace, na amfiya 5 ko na amfiya 13?

Ruwa kilogiram 2 lita biyu ne. A kan auna zafi da wani ma'auni mai suna jul, wanda aka raɗa wa sunan James Joule, mutumin Ingila, da ya nuna a shekarun 1840 cewa aiki ya kan zama zafi bisa ƙayyadadden lissafi. Kilogiram ɗaya na ruwa yana bukatar jul 4,200 domin zafinsa ya hau digiri ɗaya. Namu kilogiram 2 ne, zai kuwa hau digiri 70, gama daga 30 ya tashi. Yaro mai gaggawa ya kan sa 100 a nan, ya manta ruwan ba daga sifiri ya fara ba. Lissafi: 2 sau 4,200 sau 70, jul 588,000.

Wat ɗaya jul ɗaya ne a kowane sakan. Butar tana ba da jul 2,000 a sakan. A raba 588,000 da 2,000, a sami sakan 294, watau minti biyar ba sakan shida. Ya shiga hankali? I, kowa ya ga buta ta tafasa cikin misalin wannan lokaci. A gida za ta ɗan wuce haka, gama wani zafin ya kan tsere cikin iska, wani kuma ya tafi ga jikin butar.

Domin a san yawan wutar da ke bi cikin waya, a raba wat da bolt. 2,000 a raba da 240, amfiya 8 da sulusi. Fiyus na amfiya 5 zai ƙone, sabo da haka na 13 ne ya dace. Aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin wayar gida ta yi zafi ta kama wuta. Wanda fiyus ɗinsa ya ƙone, ya naɗa masa waya mai kauri ko takardar sigari domin kada ya sake ƙonewa, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Ga abu biyu kuma domin iyayenmu mata. In tukunya ta tafasa, ƙara itace ba ya ƙara wa ruwa zafi, sai dai ya mai da shi tururi da sauri. Mai da kilogiram ɗaya na tafasasshen ruwa tururi yana cin wajen jul 2,260,000, fiye da sau biyar na abin da a ke bukata a kai shi daga sifiri zuwa 100. Sai a rage wuta, a rufe tukunya, itace ya yi auki. Wannan ne kuma asirin randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta ya kan bushe, yana bushewa kuwa yana kwashe zafi daga na ciki. Na biyu, 100 ɗin nan na bakin teku ne. A Jos, inda tudu ya kai misalin mita 1,200, ruwa ya kan tafasa wajen digiri 96, domin iskar da ke danna shi ta fi sauƙi. Shi ya sa wake ya kan ɗan daɗe a wuta a can.

TAMBAYA TA HUƊU: GAWAYI

An ƙone kabon giram 60 cikin wadatacciyar iska. Giram nawa na iskar kabon-dayoksaid za a samu?

Gawayi yawancinsa kabon ne. Ƙonewa kuwa haɗuwar abu ce da oksijin, iskar nan da mu ke shaƙa domin rai, wadda ita ce kashi 21 cikin ɗari na iskar duniya. Masana sun auna nauyin ƙwayoyin abubuwa sun ba kowace lamba: kabon 12, oksijin 16, naitirojin 14, haidirojin 1. A kan rubuta ƙonewar gawayi haka:

C + O₂ → CO₂

Ma'anarsa, ƙwayar kabon ɗaya ta ɗauki ƙwayar oksijin biyu. Bisa ga nauyi, kabon 12 ya haɗu da oksijin 32, suka zama 44. Giram 12 na kabon shi a ke kira mol ɗaya na kabon. Mol kamar mudu ya ke a wurin masu kemistiri, mudun gero da mudun gyaɗa ba nauyinsu ɗaya ba, sai dai shi mol yawan ƙwayoyin cikinsa kullum ɗaya ne. Giram 60 a raba da 12, mol 5. Kowane mol ya ba da giram 44. 5 sau 44, giram 220.

Ɗiyata ta ajiye alƙalami ta ce, "Baba, ba daidai ba ne. Ƙaƙa za a ƙone 60 a sami 220?" Na ji daɗin wannan gardama fiye da amsoshi shidan da ta kwafa. Sauran giram 160 daga iska suka zo, oksijin ne, 5 sau 32. A tara 60 da 160, ga 220. Ba abin da ya ɓace, ba kuwa abin da ya zo daga banza. Antoine Lavoisier, mutumin Faransa, shi ya kafa wannan ka'ida da ma'auni cikin rufaffun kwalabe, ya rubuta ta a littafinsa na 1789.

Yanzu ku kasa kunne, gama wannan batun rai ne. Tambaya ta ce "wadatacciyar iska." In iska ta yi kaɗan, kabon ya kan ɗauki oksijin ɗaya maimakon biyu, ya zama kabon-monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu ta kan kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau ɗari biyu da ɗoriya, sai jini ya kasa kai oksijin ga jiki. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, mai barci kuwa ba ya jin kome, sai a wayi gari a tarar da shi. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, da janareta a cikin ɗaki, ko a zaure, ko ƙarƙashin taga, duka suna fid da ita. A ajiye janareta a fili nesa da taga. A fitar da kasko kafin a kwanta. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, a fitar da su cikin iska nan da nan, a kai su asibiti.

TAMBAYA TA BIYAR: BUHUN TAKI

Takin yuriya a kan rubuta shi CO(NH₂)₂. Kashi nawa cikin ɗari na nauyinsa ne naitirojin?

Aikin nan ƙirga ne kawai, sai dai a lura da baka biyun nan. Lamba 2 da ke bayansu ta ninka dukan abin da ke ciki. Sabo da haka akwai kabon ɗaya, 12, da oksijin ɗaya, 16, da naitirojin biyu, 28, da haidirojin huɗu, 4. Duka 60. Naitirojin 28 ne cikin 60. A raba 28 da 60, a ninka da ɗari, a sami 46.7.

Na aiki ƙanenta ya ɗauko tsohon buhun yuriya daga rumbu, muka haska fitila, sai ga lamba 46 a jikinsa. Shekaru ina sayen takin nan ban san abin da lambar ke faɗi ba. Ma'anarta, buhu mai kilogiram 50 yana ɗauke da naitirojin kilogiram 23. Kamfa kuwa mai lamba 15-15-15, lambar farko ce ta naitirojin, watau kilogiram 7 da rabi a buhu, sauran biyun na fosforas da fotasiyam ne. Kafin manomi ya sami naitirojin na buhun yuriya ɗaya sai ya zuba kamfa buhu uku da ɗan ƙari. Wannan bai mai da kamfa banza ba, gama tana da abinci biyu da yuriya ba ta da su. Shi ya sa a kan sa kamfa da fari, a bi da yuriya sa'ad da masara ta tashi. A kuma rufe yuriya da ƙasa mai laima, gama in an bar ta a fili cikin rana wani kashi na naitirojin ya kan tashi ya bi iska, kuɗin manomi ya bi shi.

Abin mamaki, kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, amma dawa da masara ba su iya ɗibarsa daga can. Wake da gyaɗa suna da waɗansu ƙananan halittu cikin ƙulle-ƙullen saiwarsu masu kama shi, shi ya sa kakanninmu su ke shuka wake cikin gero tun ba su ji sunan naitirojin ba. A Jamus, Fritz Haber ya gano hanyar kama naitirojin na iska a 1909, aka kuwa buɗe masana'anta ta fari a 1913. Daga wannan hanya yuriyar buhunmu ta ke fitowa.

TAMBAYA TA SHIDA: TSAMI DA KANWA

Mililita 25 na ruwan soda, NaOH, mai ƙarfin mol 0.1 a lita, ya kashe mililita 20 na asid, HCl. Mene ne ƙarfin asid ɗin?

Kowace uwargida ta san wannan aiki ko da ya ke ba ta san sunansa ba. In miyar yakuwa ta yi tsami, a kan jefa 'yar kanwa, ta yi kumfa, tsami ya kwanta. Tsami asid ne, kanwa da ruwan toka kuwa su ne a ke kira alkali. Kada a ruɗe da alƙali mai shari'a. Kalmar daga Larabci ta ke, ma'anarta tokar tsiro. Kumfan nan kuma kabon-dayoksaid ne, iskar da muka sadu da ita a wurin gawayi.

NaOH + HCl → NaCl + H₂O

Watau mol ɗaya na soda ya kashe mol ɗaya na asid, abin da ya rage gishirin miya ne da ruwa. Lita ɗaya mililita 1,000 ce. In lita tana da mol 0.1, mililita 25 suna da 0.1 sau 25 a raba da 1,000, watau mol 0.0025. Tun da ya ke ɗaya da ɗaya su ke haɗuwa, asid ma mol 0.0025 ne, amma cikin mililita 20 ya ke. A lita guda akwai mililita 20 har sau 50. 0.0025 sau 50, mol 0.125 a lita. Ya shiga hankali? I. Asid ɗin ya fi soda ƙanƙanta a yawa, ya kuwa iya da ita, lalle ne ya ɗan fi ta ƙarfi. Wanda ya sami 0.08 ya juya lissafinsa, da ya bi ka'ida ta huɗu da ya kama kansa.

Ana iya gwada wannan a gida. A jiƙa zoɓo, a zuba a kofi biyu. A matsa lemun tsami a ɗaya, zai ƙara ja. A ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, zai yi duhu ya koma wajen kore. Amma soda ta masu sabulu da ruwan batir ba abin wasan yara ba ne, suna cin fata suna makantar da ido. In sun taɓa jiki, a yi ta kwarara ruwa mai yawa a wurin, a tafi asibiti. Kada kuma a zuba su a kwalbar lemo a ajiye inda yaro zai kai hannu.

ABIN DA ZA MU YI

Ran Litinin ɗiyata ta kai aikinta, shafi huɗu maimakon layi shida. Malaminsu ya kira ta gaban allo ta yi ta rijiya, ta kuwa yi. A jarrabawar ƙarshe ma hanya a ke ba maki tare da amsa, wanda ya rubuta lamba tsirara ya yi hasarar yawancin makinsa ko da lambar daidai ce. Yaron da ya saba kwafe yau, gobe shi ne zai auna wa marar lafiya magani, ko ya ja wayar wuta a gidan wani, a ranar kuwa ba mai turo masa amsa.

Iyaye, ko ba ku iya lissafin ba, kuna iya cewa, "Faɗa mini da Hausa." Yaron da ya gane zai iya, wanda ya kwafa zai yi ta inda-inda. Dattawan ekklesiya kuma su duba ko akwai malami ko ɗalibin jami'a a cikinsu wanda zai ba da awa ɗaya a mako, a buɗe wa yara ɗakin makarantar Lahadi, a sa musu fitila da allo.

TAMBAYOYI DOMIN GWAJI

1. Dutse ya taɓa ruwan rijiya bayan sakan 2. Mene ne zurfinta?
2. Babur yana gudun kilomita 54 a awa, birki yana rage mita 5 a sakan kowane sakan. Mita nawa zai ci kafin ya tsaya?
3. Dutsen guga mai wat 1,200 a wutar bolt 240, amfiya nawa ya ke ja?
4. Kabon giram 36 zai ba da kabon-dayoksaid giram nawa?
5. Wani taki a kan rubuta shi (NH₄)₂SO₄, nauyin S kuwa 32 ne. Kashi nawa cikin ɗari ne naitirojin?

A yi aikin a takarda tukuna kafin a leƙa nan. Amsoshi: ta ɗaya mita 20, ta biyu mita 22 da rabi, ta uku amfiya 5, ta huɗu giram 132, ta biyar wajen kashi 21. Wanda ya sami wata amsa dabam, ya koma ya nemi layin da ya kauce, ya kuma nuna wa ɗan'uwansa. Masu tambayoyin da suka gagare su su aiko wa Edita, za mu duba waɗansu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.